Sifikun da Malam Abdulgani Ya Zaɓa

Duk wanda ya yi aure ko suna a Gwandu da ƙauyukanta a shekarun baya, da wuya in ba Malam Abdulgani ne ya ɗaura masa lasifika a kan bishiya ba. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Yana da lasifikokin ƙarfe masu faɗin baki, da janareta, da tsani, da wani tsohon babur da ya san hanyar Ceberu da Dalijan damina da rani. Wa'azi, dambe, saukar karatu, taron siyasa, duk shi ake nema.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne ya tsani ƙarar da yake sayar musu. Duk wanda ya ɗauke shi aiki maganarsa ɗaya ce: "Malam, ƙara mata." Sai ya murɗa har muryar mawaƙi ta yage kamar tsohon zane, sannan mai biki ya ji daɗi don an ji shi a ƙauyen gaba. In taro ya watse, Abdulgani yakan ja mai gurmi ko mai goge zuwa inuwa, ya ajiye ƙaramar rikodarsa, ya roƙe shi ya sake yin waƙar a hankali. Haka ya ɗauki masunta suna jan koma, da mata suna niƙa, da wani makaho mai kukuma a Diggi wanda bayan shi babu wanda ya gaje shi. Kasakasan nan ya tara su a akwatin ƙarfe, yana cewa wata rana zai zauna ya saurare su yadda ya kamata.

Da gwiwoyinsa suka daina yarda da tsani, sai ya sayar da lasifikokin, suka koma Kalgo shi da matarsa Hajjo, gidan da ta gada. 'Ya'yansu duk sun watse. Ƙaraminsu, Muzzammil, shi Allah ya buɗa wa, yana harkar gine-gine a Abuja.

A Kalgo ya haɗu da maƙwabcinsa Malam Micah, mutumin ƙasar Zuru, malamin sakandare mai koyar da kimiyya, wanda kuma yake jagorantar mawaƙan cocinsu. Wata rana da la'asar Abdulgani ya ji kiɗa na fitowa daga tagar Micah, ba da ƙarfi ba, amma kowace tsirkiya ana jin ta daban. Ya tsaya a bakin ƙofa har mai gidan ya fito ya shigar da shi. Ya zauna a kujerar da aka nuna masa, ya ji kamar mai waƙar yana tsaye tsakanin sifiku biyun da ke ɗakin, har numfashinsa yana ji. Da ya koma gida ya ce wa Hajjo ta kwashe tarkacenta daga ɗakin da ke kusa da zaure.

Ɗakin ƙarami ne, ginin ƙasa da shafen siminti. Micah ya shiga ya tafa hannu a tsakiya, sautin ya dawo musu da kaifi. Ya ce, "Ka ji? Ɗakin ma yana magana. Sai mun rufe masa baki kafin a kawo masa baƙi." Suka shimfiɗa tsohuwar darduma mai kauri, suka rataya tabarmin kaba a bangon baya, Hajjo ta ɗinka labule da bargo biyu tana mita. Micah ya ba shi tsohuwar amfilifayarsa, na'urar da ke tura sauti zuwa sifiku, mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda ba ta da ƙarfin kirki amma muryarta tsaf. Abdulgani ya gyara na'urar kaset da hannunsa, ya haɗa su. Abin da ya rage sifiku.

Zaɓen sifikun ya cinye musu kusan rani guda. Micah yana da ɗan'uwa mai sayar da kayan sauti na hannu a Birnin Kebbi, wanda ya yarda su riƙa ɗaukowa suna gwadawa a gida. Na farko dogaye ne, sun kai ƙugun mutum. A shago sun yi daɗi, amma da aka shigar da su ɗakin sai gurnaninsu ya cika shi, ganga ta danne muryar mawaƙi, kwanon rufi ya kama karkarwa. Abdulgani ya ce sun fi ƙarfin ɗakin, a mayar. Na biyu ƙanana ne masu ƙyalli, amma masu cin wuta ne, amfilifayar ta kasa ciyar da su, ta yi zafi, goge ya fito da tsini yana sukar kunne. Wasu kuma da aka kawo, ɗaya ta fi ɗaya ƙara, sai mawaƙin ya riƙa karkacewa gefe.

Hajjo ta ce, "Malam, ko amarya kake nema ai da yanzu an ɗaura."

Ya ce, "Amarya ai haƙuri aka yi da ita. Waɗanga in ba su dace da ɗaki ba, ba su dacewa har abada."

Waɗanda ya tsaya a kansu wasu ne marasa kyan gani, akwatunan katako masu ruwan ƙasa, ɗaya ma da tabon ƙuna a kai. Ya ɗora su kan turaku daidai tsayin kunnensa in yana zaune, ya janyo su daga jikin bango, ya ɗan karkato fuskokinsu, ya ajiye kujerarsa yadda su biyu da shi suka zama kamar duwatsun murhu. Sannan ya sa kaset ɗin makahon Diggi. Muryar ta fito daga tsakiya, a bushe, da 'yar shaƙewarta, a bayanta kuma can nesa ana jin wata mata tana kiran akuya. Shi da ya ɗauki waƙar da hannunsa bai taɓa sanin akwai matar nan a ciki ba. Ya dubi Micah, Micah ya gyaɗa kai. Babu wanda ya ce a ƙara mata.

Bai daɗe yana morar ɗakin ba. Kullum bayan azahar yakan shiga ya saurari kaset ɗaya ko biyu, kuma ko rabin akwatin kasakasan bai kai ba ciwon fitsari ya kwantar da shi. Muzzammil ya zo da kansa, ya ɗauke shi zuwa wani asibiti a Sakkwato, aka yi masa aiki. Hajjo ta zauna jinya. Yaron ya tsaya a kan komai, babu abin da uban ya nema ya rasa, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya sa masa albarka. Da likita ya ce sai sun ƙara zama, Muzzammil ya karɓi makullan gida a hannun uwarsa, ya ce zai sa a ɗan yi gyare-gyare.

Ranar da aka sallamo Abdulgani, ya tarar da ƙofar gidansa cike da mutane. Muzzammil ya kama hannunsa yana murmushi, ya ce, "Baba, kafin ka kwanta zo ka ga wani abu."

Ya tura ƙofar ɗakin. An fasa daɓen an shimfiɗa tayil fari mai santsi. An cire tabarmi da darduma da labulen bargo, bango ya sha fenti mai sheƙi, sama an yi silin na zamani da fitilu. A kusurwoyi biyu ga wasu sifiku baƙaƙe, kowace ta kai ƙirjin mutum, fuskarsu na walƙiya da ja da shuɗi. Muzzammil ya latsa wayarsa. Kiɗa ya buga, gilashin taga ya amsa, yaran da ke zaure suka hau tsalle. Abdulgani ya ji abin a cikin ɗinkin aikin da aka yi masa.

Muzzammil ya ɗaga murya don a ji shi: "Na ga kana son kiɗa, Baba, na ce ba za ka zauna da tsofaffin kaya ba ina raye. Waɗannan ba sa buƙatar komai, da waya kawai ake sarrafa su."

Abdulgani ya jira har aka kashe. Ya ce, "Ina amfilifayar?"

"Wannan ƙarfen? Masu sayen tsofaffin ƙarafa na ba, ita da ta kaset ɗin. Ai sun gama aiki. Ƙananan akwatunan ne ma suka ƙi ɗauka, wai katako ne."

"Kasakasaina fa?"

"Suna nan, Baba, ba a taɓa su ba. Na sa an hau da su kan rufin kicin saboda ƙura."

Mutane sun cika ɗakin, kowa na cewa madalla da ɗa irin wannan. Limamin unguwa ya ce a yi addu'a. Abdulgani ya ɗaga hannu tare da su, ya shafa. Da idanu suka dawo kansa, ya buɗe baki ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Muryarsa ta bugi tayil da bango ta dawo masa, kamar wani ne ya faɗa.

Washegari Muzzammil ya koma Abuja. Micah ya hau rufin kicin ya sauko da akwatin. Ƙarfen ya sha ranar bazara tun da aka fara gyaran gidan, da ƙyar ake taɓa shi. Kasakasan da ke sama sun lanƙwashe, zaren wasu ya manne ya zama dunƙule. Suka zauna a zaure suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, Micah yana juya su da biro ya ga waɗanda za su motsa. Na makahon Diggi yana cikin na sama, don shi aka fi saurare.

Micah ya bi masu sayen ƙarafa har matattararsu. Ya dawo ya ce an riga an fasa amfilifayar an zare wayar jan ƙarfen da ke cikinta. Ya ce, "Malam Abdulgani, a iya samun wata. Ɗakin ma a iya mayar da shi. Darduma ce da tabarma."

Abdulgani ya ce, "In rufe tayil ɗin da ɗana ya shimfiɗa da tabarmar kaba? Gobe garin ga duk ya ɗauka cewa an yi mani alheri na tattake. Kuma mi zan saurara, Malam?"



Da Hajjo ya yi faɗan, don ita ce a kusa. Ya ce ita ta ba da makulli. Ta ce ɗanta ne ya tambaya, a bakin gadon asibitin da ya biya, me za ta ce masa? Ta ce yaron nan ya bar aikinsa ya zo ya tsaya a kan magina cikin rana don ya faranta wa ubansa, in ya kuskura ya ɓata masa rai a kan rediyo ba za ta yafe ba. Ya san gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da ɓarawo ne ya shiga ɗakin, da ya samu wanda zai zaga, da maƙwabta sun zo jaje. Wannan kuwa barka ake ta zuwa yi masa.

Bai sake zama a ɗakin ba. Ɗakin ya zama wurin saukar baƙi, kuma in an zo ganin gida nan ake fara kai mutum. Manyan sifikun suka yi farin jini a unguwa, 'yan mata na arowa ranar lalle, samari na arowa ranar ƙwallo, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi in an zo fita da su. Da Micah ya yi ritaya yana shirin komawa Zuru, Abdulgani ya sa aka ɗauko ƙananan akwatunan daga bayan buhunan shinkafa, ya goge su da gefen rigarsa, ya kai masa har mota. Micah ya ƙi karɓa. Abdulgani ya ce, "Tafi da su. Kai kana da inda za su zauna." Ya ƙara da cewa kada ya manna su da bango.

Abdulgani yana nan Kalgo har yanzu. Ya warke, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, sauran yini kuma yana zaure. Muzzammil yana kira duk Juma'a, kuma bai taɓa mantawa da tambayar ba.

"Baba, yaya sifikun? Suna yi dai?"

"Suna yi."

"In sun samu matsala ka faɗa mani, akwai waɗanda suka fi su ƙarfi yanzu."

"To."

Daga nan sai hirar ta tsaya, Abdulgani ya miƙa wa Hajjo wayar. Sau da yawa yaron ya ce ya zo Abuja ya huta, uban yana cewa gwiwa ba ta barinsa. Muzzammil ya taɓa yi wa yayarsa ƙorafi cewa tun bayan aikin nan Baba ya canza, ba ya hira, ba a iya gane abin da yake so. Yayar ta ce ya yi haƙuri, tsufa ne.