Motata Lafiyarta Lau

Bayan ciwon zuciya ya kwantar da ni a asibiti, likita ya ce kitse ne ya taru a jinina har ya toshe jijiya. Ya rubuta mini ƙwayar da zan riƙa sha kullum, ya raba ni da man shanu da tsire, ya ce in riƙa tattaki kowace safiya.

Tattakin ne ya zama abin magana. Shekara talatin ina aikin gwamnati, 'yan Malali ba su saba ganina ba sai ta gilashin mota. Ranar farko motoci uku suka tsaya mini kafin in kai Unguwar Sarki. Sati bai zagayo ba aka fara cewa ritaya ta karya ni, har motar na sayar.

Wata safiya tsohon abokin aikina ya sha gabana, ya buɗe ƙofa.

"Alhaji, shigo don Allah. Mutum kamarka a ƙasa? Ai sai ka ja mana magana."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Motata lafiyarta lau, ni ne ba lafiya. Ranar da na faɗi, cikin masu maganar wa ya taya ni jin ciwon?"

Na tura masa ƙofarsa na wuce. Ajali na Allah ne, na sani. Amma gara su gan ni da ƙafata su yi gulma, da su ɗauke ni a kafaɗa suna yabona.