Arzika Mai Kallon Bayan Mota

Shekara goma sha tara ke nan ina facin taya a gefen rumfar Arzika, a bakin hanyar da ta fita daga Argungu ta nufi Birnin Kebbi. Shi sana'arsa wayarin mota ce, duk abin da ya shafi wuta nasa ne, amma an fi saninsa da fitilun baya, ta birki da sigina. Wannan gyara kuwa mutum ɗaya ba ya iya shi. Dole wani ya zauna ya taka birki, wani ya tsaya baya yana dubawa. Ni ne mai takawa. Ko ina tsakiyar kwance taya, da na ji ya ce, "Usmanu, ara mani ƙafarka," na san aiki ya zo.

Arzika ɗan manoman shinkafa ne na Gulma. Ya koyo aikin a Sakkwato tun yana saurayi, ya dawo gida ya kafa rumfa. Babban kayan aikinsa wani ƙwan fitila ne da ya ɗaura wa waya biyu. Ɗaya ya maƙala ta a jikin ƙarfen mota, ɗaya ya riƙa taɓa wurare da ita. Inda ƙwan ya kama akwai wuta, inda ya ƙi nan ake tsayawa. Ba ya gaggawa. Sai ya duba ƙwan fitilar motar, sannan fiyus, sannan ɗan makunnin da ke ƙarƙashin abin taka birki, kafin ya fara bin waya. In direba ya matsa a canja masa kaza, sai ya ce shi ba ya cire haƙori sai ya san wanda ke ciwo.

Yana da wata ɗabi'a da duk tashar ta sani. Ko shayi yake sha, in mota ta wuce ta rage gudu a kwanar da ke gaban rumfar bai ga ja a bayanta ba, sai ya ajiye kofi ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi ta. Wani direban albasa daga Augie, Kalilu, ya taɓa zaton ma'aikaci ne ya biyo shi, ya ƙara wuta. Sai da suka yi tafiya mai nisa kafin Arzika ya cim masa, ya gaya masa fitilarsa ta mutu, ya juyo abinsa. Yanzu Kalilu ba ya kai motarsa ko'ina sai rumfar.

Ɗiyar Arzika ta fari, Humaira, malamar jinya ce a Birnin Kebbi, tana zaune da mijinta a Gwadangaji. Shekara biyu da suka wuce ta sayi 'yar ƙaramar mota ta hannu, kuma kowace Asabar takan zo gaida iyayenta. A lokacin gwiwar Arzika ta fara damunsa, har likita ya hana shi yawan durƙuso.

Wata Asabar cikin damina, bayan la'asar, ta biyo ta rumfa ta yi masa sallama za ta koma. Yana tsaye yana kallonta har kwana. Awaki suka gitta, motar ta tsaya cak, amma bayanta ko ƙyalli babu. Hularsa ma bai ɗauka ba ya hau babur.

Da suka dawo tare, na ga fuskarsa ba daɗi. Ashe mako uku ke nan fitilar na wasa da ita. Sau biyu ta kai wa wani mai gyara a Birnin Kebbi, mai na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ya canja ƙwai, ya canja makunni, abin ya yi kwana biyu ya koma. Har wani mai keke napep ya ɗan buga ta ta baya a Gwadangaji, Allah ya tsare ba wanda ya ji rauni.

 Arzika ya tambaye ta a hankali ko ƙwan gwajinsa ne ta ga ya tsufa.

"Baba, ba haka na ba," in ji ta. "Na san in na hwaɗa maka sai ka shige ƙarƙashin motag ga. Gwiwarka nike ji."

Ya juya kamar mai neman sifana, ya ɗan daɗe yana nemanta alhali tana hannunsa.

Ita ta kawo shawarar yadda za a yi: shi ya zauna a benci, ita ta yi durƙuson. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta karɓi ƙwan gwajin, ni kuma na shiga na zauna. Na taka birki, ya ce babu. Ya ce in kunna siginar hagu, ta kama dishi-dishi kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Ya ce in haɗa da birki, sai siginar ta ɗauke gaba ɗaya. Na ji ya yi 'yar dariya.

Ya sa ta buɗe but, wurin zuba kaya na bayan motar, ta taɓa wayar da ke shiga fitilar, ƙwan gwaji ya kama tar. Ya bayyana mata cewa wuta na zuwa, hanyar komawa ce ta toshe. Kowace fitila tana da wata waya da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ta nan wutar ke komawa, kuma a irin wannan motar fitilun baya duka ƙusa ɗaya suka haɗa. Ta ɗaga shimfiɗar but ɗin tana laluba, sai ga ƙusar a wani lungu, tsatsa ta cinye ta, wurin a jiƙe.

Arzika ya fara faɗa a kan robar murfin but da ke barin ruwan sama ya shiga. Humaira ta shafa wurin ta sansana, ta miƙo masa yatsunta. Ƙarnin kifi ne.

Tun ranar da ta sayi motar, kowace Asabar da safe sai ya je bakin gulbi ya zaɓo mata ɗanyen kifi, ya zuba a roba da ɗan ruwa don kada ya lalace, ya sa mata a but da hannunsa. Ramukan hanya suka yi sauran aikin. A ranar ma robar kifin na nan a gefe, rabin ruwanta ya zube.

Na fito daga motar ina dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya so ya daure, ya kasa. Ya ce shekara arba'in yana neman mai laifi a motocin mutane, yau ga shi zaune a kan benci.

Ita ta kwance ƙusar, ta goge wurin da samfefa har ƙarfen ya yi fari, ya ba ta sabuwa ta ɗaure, ta shafa giris kamar yadda ya ce. Na koma na taka. Na hango shi ta madubi yana gyaɗa kai, ya kuma sa na taka har sau biyar.

Daga wannan makon ya koma ba ta kifin banda, a naɗe cikin takarda. Matarsa Kulu ce ke bandar, tana mita wai an ƙara mata aiki da tsufanta. Mijin Humaira, Sunusi, ya aiko da saƙo cikin ladabi cewa miyar ɗanyen ta fi daɗi. Arzika ya ce a gaya masa gulbi bai ƙafe ba, ya zo da kansa a motar haya ya riƙe robar a cinya. Sunusi kuwa ya zo, sau biyu ma, kuma na biyun har ya kwana.