Ranar da Wanzami Ya Mayar da Aska Zabira

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, ina tafinta a asibitin Tawa, ina juya wa lokotoro Hausa da Buzanci zuwa Faransanci. Da ɗari ya shigo, hatsi ya shiga rumbu, aka aiko mini daga Affala cewa za a yi wa yaran unguwarmu kaciya, har da ɗan ƙanwata mai shekara bakwai. Na sayi zakara na hau motar kasuwa.

An haifi yaron da ƙofar fitsari a ƙasa, dab da kan gabansa, loɓar kuma ta taru a sama kamar an tura hula ƙeya. Mahaifiyata takan ce mala'iku ne suka fara masa kaciya, wanzami zai ƙarasa.

Wanzamin tsoho ne, ni ma shi ya yi mini. Ya gama da yara shida, aka kawo namu. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya goge aska ya mayar zabira.

"Mi ya hwaru?" in ji Inna. "Maigidan nawa ka raina?" Haka take kiran jikanta.

"Ba raini ba ne, uwar gida. Na taɓa yanke irin wagga, daga baya lokotoro ya tambayi hwatar da zai rufe ɗinki da ita, babu. Rigar da za a yi wa faci ba a zubar da ƙyallenta."

Yaron ya fashe da kuka, ba don aska ba, don sa'o'insa sun zama maza suna shan romon kaza, shi kuwa an tashe shi.

Muka kai shi Tawa. Lokotoro biyu ne masu fiɗa: tsohon Bafaranshe da wani matashi da ya yi karatu a Dakar. Gardama ta kaure a kaina, ni ina tsakiya ina juya wa Inna. Tsohon yana so ya bar siririyar fata a kwance, ya binne ta, ta naɗe da kanta ta zama hanya, fitsarin kuma a karkatar da shi ta roba har a warke. Na ga irin wannan a Dakar, sa'ad da aikin tafinta ya kai ni asibitocin bakin teku, aiki ne mai haƙuri kamar ginin rijiya. Matashin ya ce ƙofar tana kusa da kai, don haka zai feɗe fatar da ke ƙasanta, ya kifo ta sama kamar marfin aljihu, ya rufe da loɓar. Wannan a asibitin Kumasi na taɓa ganinsa, ya fi kama da aikin dukawa. Kowanne ya yarda nasa yana iya barin ɗan yoyo.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Tambaye su, wane ne zai yi aiki da ƙyallen da wanzami ya aje?"

Na juya. Tsohon ya yi dariya har ya cire tabarau, ya nuna matashin, ya ce shi da kansa zai riƙe masa almakashi.

Matashin ya yi aikin, bayan mako uku muka koma Affala. Wanzami ya zo da zabirarsa, ya duba ɗinkin kamar mai sayen sirdi.

"Kawu, yankewa zai yi?" yaron ya tambaye ni, ya maƙale a rigata.

"Mi zan yanke?" in ji wanzami. "Ba su bar mini komi ba. Kaciya ta yi."

Ya aske masa kai ƙwal, ya ɗaura masa sabon bante da hannunsa. Zakaran nan da na saya yana nan bai sha wuƙa ba, Inna ta hana. Sa'o'insa shida kaji biyu suka raba a tsakaninsu. Shi kuwa, da aka yanka aka dafa, ya zauna a tsakar gida da zakara guda, ya kira su ya ba kowa ɗan tsagi, ya riƙe cinyoyin biyu.

"Maigida, ni fa?" in ji Inna.

Ya miƙa mata wuya.