Kifin da Ya Ƙi Nutsewa

To, ku matso ku ji abin da ya raba ni da gidan aikina na unguwar Sharafiyya. Umra na zo na zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, shara da wanke-wanke a gidan wata Balarabiya su ne rufin asirina. A falonta akwai akwatin gilashi, ruwa rabi, da kifaye uku dogaye. Za su tafi Madina kwana huɗu, ta nuna min abincinsu, ta ɗaga min yatsa: ko ɗaya ya mutu, halas, aikina ya ƙare.

Ni kuwa 'yar masunta ce, a bakin kogin Yawuri na tashi. A wurinmu, kifin da ya taso sama, ido a waje, mutuwa yake shirin yi. Waɗannan duk ukun a sama suke yawo, rabin ido a ruwa, rabi a iska. Na kasa zama. In yi shara in dawo, in ɗora tukunya in dawo. Na danna ɗaya ƙasa da ludayi, ya taso yana kallona. Na ce ruwa ne ya yi musu kaɗan. Na cika akwatin har baki da ruwan famfo, na ɗauke murfin su sha iska.

Ina juya baya na ji tim! Ɗaya a kan kafet. Ina mayar da shi, wani ya yi tsalle ya faɗa bayan kujera.

Na kira ƙawata da ta daɗe tana aiki a gidajen masu irin wannan kiwo.

"Yaya, kifayen mutane suna gudu!"

"Me kika yi musu?"

Na faɗa mata. Ta yi salati.

"Ke da kike cika mana baki da kogi! Haka Allah ya halicce su, suna ganin sama suna ganin ƙasa lokaci guda. Ruwansu ma da ɗan gishiri. Yalla, maza rage ruwan, rufe!"

Biyu suka rayu. Na bayan kujera, kafin in ja kujerar, ya sandare.

Ban jefar da shi ba. Na naɗe shi a leda na sa a firiji, ranar da Balarabiyar ta dawo na miƙa mata, na faɗi gaskiya. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta buɗe min ƙofa. Na bi lungu-lungu, ina kauce wa manyan tituna saboda 'yan sanda, har unguwar Waziriyya.