Ranar da na zama ƙafar Baba

Shekarun baya, bayan mun tare a gidanmu na Bowie, a jihar Maryland ta Amurka, na kusa ɓata wa wani dattijo ranar da ya fi ɗokinta a rayuwarsa, kuma ba da komai ba sai da babbar riga. Jiya matata ta zaro rigar daga ƙasan akwati tana neman wani abu daban, shi ya sa labarin ya dawo mini.

Dattijon maƙwabcina ne, baƙar fatan Amurka, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Shingen katako ne kawai tsakanin gidajenmu. Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama. Ya sha roƙona in kira shi da sunansa kamar yadda kowa yake yi a unguwar, amma bakina ya ƙi. Sa'an mahaifina ne, ban ga ta inda zan fara ba. Daga baya ya haƙura, har ya zama in ya bugo waya shi da kansa yake cewa Baba ne.

Wata Asabar da la'asar ina yanke ciyawa, na kashe inji don in sha ruwa, sai na ji wani sauti yana fitowa daga garejinsa. Da farko na ɗauka goge ne, har na tsaya ina tunanin wane Bahaushe ne ya zo Maryland da goge ban sani ba. Sautin ba ya tsalle daga wannan murya zuwa waccan, zamewa yake yi, ya hau a hankali, ya ɗan yi rawa a sama, ya gangaro. Na bar ciyawar rabi na zagaya.

Na tarar da Baba zaune kamar tela a gaban keken ɗinki. Abin da ke gabansa jita ce, amma ba irin wadda ake rungumewa ba. A kwance take a kan ƙafafu huɗu, da tsirkiya goma a samanta. Ya ce sunanta fedal sitil. Hannun hagu yana riƙe da wani guntun ƙarfe mai santsi yana zamar da shi a kan tsirkiyoyin, yatsun dama na sanye da 'yan faratan ƙarfe suna tsinka. Ƙafar hagu tana taka feda uku da ke canza muryar tsirkiya, ƙafar dama tana ƙara sauti ko ta rage. Gwiwoyi ma ba a bar su sun huta ba, akwai wasu 'yan sanduna da ke reto a ƙasa, ana tura su hagu ko dama. Duk gaɓar da Allah ya ba mutum sai ta yi aiki.

Ni injiniya ne, kuma halina ne in na ga abu yana motsi sai na ga abin da ke motsa shi. Kafin in gama gaishe shi na durƙusa ina leƙen ƙasan jitar. Wasu siraran ƙarafa ne suka taso daga kowace feda suka haɗu da wasu a ciki. Na ga ɗaya ya yi sako-sako, na gaya masa. Ya ce ya fi wata uku da sanin haka, bayansa ne ba ya barinsa ya sunkuya. Na koma gida na ɗauko sifana na ɗaure shi. Daga ranar muka yi yarjejeniyar da ba a faɗa da baki ba, ni in kula da ƙasan jitar, shi ya koya mini samanta.

Mun yi kusan shekara biyu a haka, kowace Asabar. Gaskiya ban zama gwani ba. A gidanmu ba a taɓa yin makaɗi ba, kuma yatsuna sun tabbatar da hakan. Matata kan ce in na dawo daga garejin, "Sannu da zuwa, maroƙin Bowie. Yau nawa aka liƙa maka?" Amma ƙasan jitar nan na san shi fiye da cikin motata. Ko idona a rufe, in Baba yana kiɗa ina kwance ina gyara, na san ƙarfen da zai motsa kafin ya motsa.

Mama tana da ciwon mantuwa. Kullum tana zaune a bakin garejin da mayafi a cinya. A lokacin da na san su ta fara kallon Baba kamar baƙo, tana tambayarsa cikin ladabi yaushe mijinta zai dawo daga aiki. Abu ɗaya ne yake dawo da ita. Akwai wani kiɗa mai tafiyar hawainiya da Baba ya haɗa mata tun yana nemanta, ba shi da waƙa, ba shi ma da suna. In ya fara shi takan ɗago kai, ta dube shi, ta san shi. Akwai wani wuri a tsakiyar kiɗan da Baba yake sauri, kuma in ya zo nan takan yi masa faɗa a kai. Faɗan nan shi yake jira duk mako.

Sai ciwon sukari ya ci masa ƙafar hagu. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, a ƙarshe suka yanke ta daga idon sawu. Ƙafar feda ke nan. Ya dawo gida a keken marasa lafiya, aka lulluɓe jitar da zani. Wata huɗu ba a yi kiɗan ba, wata huɗu Mama ba ta san shi ba. Ya gwada kunna mata wanda na taɓa ɗauka a waya, ta saurara kamar mai jin rediyon maƙwabta.

Ana nan 'yarsu ta ce za ta zo ta haɗa musu walimar cika shekara hamsin da aure, a bayan gida, da rana. Baba ya kira ni ya ce ni zan kaɗa. Na fara kawo uzuri, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Ba burge mutane nake so ka yi ba. Ni zan zauna kusa da ita in riƙe hannunta. So nake ta juyo ta san ni a ranar, ko na minti ɗaya ne."

Mako shida na yi ina bita. In na taso daga aiki a Washington, in sha cunkoson hanya, in yi salla, in faɗa garejin. Da wandon motsa jiki nake yi, da safa kawai, don na saba cire takalmi a bakin ƙofa kuma ƙafata ta fi jin fedar a haka. A mako na shida Baba ya ce ba laifi. A bakinsa wannan babban yabo ne.

Ranar walima na fito da wandona na kullum, matata ta tare ni a falo. Ta ce, "Abban yara, bikin dattawa za ka je a haka? Shekara hamsin fa. Me za a ce da mu?" Da ina son in ɗora mata laifin da na ɗora, amma gaskiya ko minti ɗaya ban yi ina gardama ba. Ina da wata shuɗiyar shadda mai aikin hannu da na kawo daga Kano, ba ta samun fita sai ranar Salla, kuma raina yana son ta. A wurinmu in kana girmama mutum a ranarsa, jikinka ne yake fara faɗa. Shaddar ta sha sitaci har in ka ajiye ta za ta iya tsayuwa da kanta. Na sa 'yar ciki, na ɗora babbar riga, na kafa hula. Ban taɓa zama a gaban jitar da wannan kaya ba, kuma bai zo mini in gwada ba.

Mutane sun kai talatin, yawancinsu tsofaffi, abokan aikinsa na da da 'yan cocinsu. Suka yi ta yaba rigar, ana ɗaukar hoto da ni, ni kuwa ina ta buɗe hannu don aikin ya fito sosai. Aka ci abinci, aka fito da jitar kan ciyawa, aka zaunar da Mama a gaba, Baba a gefenta a kekensa.

Ina zama na san akwai matsala. Rigar ta taru a tsakanin gwiwoyina, ga ta da tauri, ta tokare sandar gwiwar hagu ta tura ta rabi. Tsirkiya biyu suka sauka daga muryarsu tun ban taɓa komai ba. Na tsinka na farko, abin da ya fito ya fi kama da ƙofar da ke neman mai. Na kai ƙafa feda, na taka bakin riga, wuyan ya ja ni gaba. Ina ƙoƙarin gyara zama, hannun rigar na dama ya zamo daga kafaɗa ya kwanta a kan tsirkiyoyin, sautin ya mutu. Sai na yi abin da kowane mai babbar riga yake yi ba tare da tunani ba, na ɗaga hannu na naɗe ta a kafaɗa. Hagun ma ya zamo, na ɗaga shi ma, da guntun ƙarfen da komai. Haka na yi ta yi, in naɗe wannan wancan ya faɗo, a tsakani in tsinka abin da ya samu.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Mama ta zare hannunta daga na Baba, ta ce wa 'yarta tana son a mayar da ita gida, alhali a gidanta take. 'Yar ta kama ta suka miƙe, suka nufi ƙofa a hankali. Na ji kunya irin wadda ban ƙara jin irinta ba.

Na miƙe zan tuɓe rigar in sake gwadawa. Baba ya garo kekensa ya ce in bari, babu lokaci, kuma ko na tuɓe, kiɗan hannunsa ta sani, ba na hannuna ba. Ya ce in kama shi. Ni da wani abokinsa muka ɗora shi a kan kujerar, na zare faratan daga yatsuna na sa masa. Ya ɗora ƙafar dama a inda take hawa, ya gyara gwiwoyinsa a tsakanin sandunan. Sannan ya nuna fedojin da haɓa.

Ya ce, "Kai ka san ƙasa. Sauka."

Na tattare rigar na cusa ta a baya, na durƙusa a kan ciyawa kamar mai gaida suruki, na shigar da kai ƙarƙashin jitar, na ɗora tafin hannu a kan feda biyun da kiɗan yake buƙata. Hular ta faɗi, na bar ta a nan.

Ya fara. Na tsorata cewa ba zan san lokacin dannawa ba, sai na lura da ƙafarsa ta hagu. Dungulmin yana naɗe da bandeji, yana reto, amma duk inda ya kamata a taka feda sai ya ɗan sauka, kamar bai ji labarin abin da aka yi masa a asibiti ba. Shi na zuba wa ido. Ya sauka in danna, ya ɗago in saki. Daga ƙasa sautin daban yake, katakon yana rawa a saman kaina, ina jin kowace tsirkiya tana miƙewa in na danna. Shekara biyu ina koyon kiɗan nan, ranar na fara jin sa da kyau.

Ban ga fuskar kowa ba, don daga inda nake ƙafafu kawai ake gani. Na ga fararen takalman Mama sun tsaya kusa da matakalar ƙofa. Suka ɗan jima a tsaye, suka juyo, suka taho suna jan ƙasa har suka tsaya dab da hulata. Muka iso wurin nan na tsakiya, Baba ya yi saurinsa, ni kuma na makara da dannawa.

Sai na ji muryarta a sama. Ta kira shi da wani suna da ban taɓa jin kowa ya kira shi da shi ba, ta ce, "Sau nawa zan gaya maka? Kullum a nan kake sauri."

Baba bai tsaya ba. Ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Sau uku muka yi, gwiwoyina suka mutu, tafin hannuna ya yi ja. Da ya ajiye ƙarfen, sai Mama ta tambaye shi wane ne wannan da ke ƙarƙashin jitarsa.

Ya ce, "Ƙafata ce."

Na ji a jikina tana duba ni, sannan ta ce ƙafar tasa ta fi shi iya sa kaya. A nan mutane suka samu damar yin dariyar da suka riƙe tun ɗazu. Ta zauna tare da shi har aka yanka kek, tana saninsa. Kafin magariba ta sake tambayarsa yaushe mijinta zai dawo.

Mama ta rasu a shekarar da ta biyo. Baba ya koma wurin 'yarsa a wata jiha, ya bar mini jitar, tana garejina yanzu. Mukan yi waya jefi-jefi.

Nakan yi tunanin ranar ba tare da wani ɗaci ba. Na shirya wa mutumin girmamawa irin wadda na sani, shi kuwa abin da yake buƙata a wurina tafin hannu ne da gwiwoyi biyu. Rigar tana nan da koren ciyawa a gaba da ɗigon man inji a kafaɗa, matata ta yi iya yinta sun ƙi fita. Jiya ta tambaye ni ko a bayar da ita, na ce ta mayar da ita akwati.

Har yanzu ina yin kiɗan a wasu Asabar ɗin, da wandon motsa jiki. In na zo wurin nan na tsakiya sai na yi sauri. Na san yadda ake gyarawa, ban gyara ba.