Mun Zauna Maka, Ildar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba 2017, maƙwabta suka sa aka ɓalle ƙofar wani ɗaki a hawa na shida a Stains, wajen birnin Paris, aka tarar da Malam Ildar Mansurov, mutumin Kazan ta ƙasar Rasha, kwance a gindin tagarsa. Likita ya ce ya kwana huɗu da cikawa. Kwana huɗu, Ildar, alhali babu telan unguwar Goutte d'Or da bai haddace lambar wayarka ba.

A Lyon na fara ganinka, shekarar 2003, a gidan kwanan baƙi, ina ɗalibi. Ban taɓa kawo cewa Musulmi ne kai ba, sai ranar da na iske ka kana alwala a wurin wanke kwanuka. Ka dubi mamakina ka ce: "Malam Daouda, kana tsammanin Allah bai san hanyar ƙasar ƙanƙara ba?"

A ƙasarku injiniya ne kai, mai haɗa injinan jirgin sama. A Faransa shaidar karatunka ta zama takarda kawai. Ka share benaye, ka yi dako, daga bisani ka biyo mu Paris ka zama mai gyaran kekunan ɗinki. Hajiya Balkisa ta unguwar Château Rouge har yau tana ba da labarin jajibirin sallar da kekenta ya tsaya, ɗinkin mutane jibge a gabanta. Ka zo cikin ruwan sama ka tada shi, ka ƙi karɓar komai sai kwanon dambu.

Kana da wata al'ada da muke yi wa dariya. Duk mai shirin tafiya sai ka tsare shi ya zauna. Ranar da zan tafi Damagaram ganin mahaifiyata, taksi na jira a ƙasa, ka zaunar da ni bisa akwatina, muka yi shiru na minti guda. Ka ce haka ake yi a gidajenku, domin matafiyi ya dawo lafiya. A nan ka buɗe mini cikinka. Ranar da ka bar Kazan, jirgin ƙasa na shirin tashi, ɗiyarka Alsu mai shekara tara ta jawo kujera ta ce: "Baba, ba mu zauna ba." Ka ce mata idan ka dawo ɗaukarsu ita da mahaifiyarta kwa zauna.

Takardun zama suka ci shekara tara. A ta bakwai matarka ta rasu, ba ka je ba, domin wanda ya fita babu takarda ba ya sake shigowa. Tun daga ranar Alsu ta daina ɗaukar wayarka.

Da ka cika, aka shaida mana cewa idan babu naka da ya tsaya maka, za a kai ka filin waɗanda ba su da kowa, inda kabari ba ya wuce shekara biyar. Dakta Maazou, wanda ya yi karatun likita a Rasha, shi ya kira Alsu, muna tsaye kansa yana fassara mana. Ta ce: "Ba ni da uba a Faransa. Na san wani mutum da ya fita da akwati." Can ta ce za ta sa hannu a takardar izinin binne ka, amma ba za ta zo ba. Har Dakta zai ajiye wayar, ta ce: "Kafin ku ɗaga shi, ku zauna. Bai zauna ba."

Ranar jana'izarka mu goma sha tara ne, yawancinmu teloli. Bayan an sallace ka, muka zauna a ƙasa cikin sanyi kewaye da makara. Liman Mahamat ya tambayi dalili, aka gaya masa, ya naɗe babbar rigarsa ya zauna tare da mu. Babu wanda ya yi dariya.

Kujerar gida tana jiranka,
Ƙasar baƙi ta riga ta karɓe ka;
Zaman da hanya ta hana ka,
Mu ne a yau muka yi maka.

Ya Allah, Kai ne Ka san baƙo da abin da ya baro. Ka gafarta wa bawanKa Ildar, Ka yalwata makwancinsa, Ka haɗa shi da matarsa a gidan da ba a tambayar takarda. Mu kuma Ka yafe mana kwana huɗun da babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga telolin Goutte d'Or, da danginsa na Kazan waɗanda ban sani ba. Ke kuwa Alsu, ɗiyata, Allah Ya sanyaya zuciyarki. Saƙonki ya isa. Mun zauna, sannan muka ɗaga shi.