Hannun da ke Ƙarƙashin Jaririya

Yayana direban tanka ne tun kafin in iya ɗaura zani. A garejinsu, Ido-biyu suke ce masa, don duk tsawon aikinsa ba wanda ya taɓa kama shi yana gyangyaɗi a kan sitiyari. Yana da dabarunsa: ya ciji harshe, ya mintsini cinya, in abin ya ƙi ya sharara wa kansa mari. Cinyarsa ta dama duk tabo ce, kuma yana alfahari da ita kamar wata lambar yabo.

Da ƙarfi ya ƙare ya ajiye mota, sai barci ya rama. Ya ƙi zuwa masa sam. Wani abokin banza ya ce kofi ɗaya na giya zai kwantar da shi, kuma ya kwantar da shi ɗin. Daga kofi aka koma kwalba, daga kwalba aka koma abin da ba na son tunawa. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi gaba da shi, duk a banza.

'Yarsa ɗaya ce a duniya. Wata rana ta kawo masa ɗanta na fari, ya ɗauke shi yana masa wasa alhali ya sha, ƙafarsa ta harɗe, suka faɗi a kan dakalin ƙofa. Yaron ya rayu, amma da ɗinki a goshi. Ta ɗauki ɗanta, ta ce: "Baba, ba za ka ƙara taɓa ɗan da na haifa ba." Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta sake tako gidan ba.

Sai da ya ji tana da wani cikin ya zo ɗakina, ya zauna a bakin gado yana murza hula. "Ƙanwata, kai ni inda za a gyara ni. Ina son in riƙe wannan."

A asibitin da muka je, ban da magani da zaman tattaunawa, akwai wani ɗan ɗaki mai kujera doguwa. Ma'aikaciyar ɗakin, wata mai haƙurin da ni ba ni da shi, ta shafa masa wani mai a fatar kai, ta manna wayoyi sirara da ke haɗe da wata na'ura, ta toshe masa kunne da abin sauraro. Ta yi mana bayani cewa na'urar tana bin motsin ƙwaƙwalwa ne. In hankalinsa ya kwanta, ya shiga wannan yanayi na tsakanin barci da farke, zai ji wani sauti mai laushi. Aikinsa kawai ya bar sautin ya daɗe, har ƙwaƙwalwa ta koyi hanyar hutu ba tare da kwalba ba.

"Wato in zauna in yi gyangyaɗi?" in ji shi. "Wannan ai ko jaki ya iya."

To jaki ya fi shi. Da zarar sautin ya fara, sai ya zabura, ƙafarsa ta dama ta doki ƙasa, idanu waje, gumi sharkaf. Birki yake takawa. Abin da na'urar take yaba masa, shi ne abin da ya kwashe rayuwarsa yana yaƙa, don a wajen direba wannan lumshewar ido ita ce mutuwa. Mun yi ta zuwa, kullum haka. Sau biyu ya koma wa kwalba. Na tsane shi a lokacin, kuma ina jin tausayinsa har cikin ƙashina.

Wata rana ma'aikaciyar ta ajiye wayoyin ta tambaye shi: "Baba, da kana kan hanya, in za ka kwanta, me kake fara yi?"

Ya dube ta kamar ta tambayi sunan uwarsa. "Sai na sa weji mana." Weji shi ne guntun katakon da suke tokare taya da shi kada mota ta gangara. Washegari ya zo da nasa a leda, baƙi ƙirin da tsohon mai. Ya durƙusa ya tokare ƙafar kujerar, ya dudduba, ya cire takalmi, sannan ya hau. Na so in yi dariya, sai na ga hawaye ne ke zuwa. Ranar ƙafarsa ba ta motsa ba, kuma da ya tashi ya ce bai san duniya tana da shiru haka ba.

Ban ce katako ne ya yi maganin ba, ban kuma ce na'ura ce kaɗai ba. Na dai ga ya daina sha, wata ya bi wata. Sai dai hanta ba ta jira shi ba. Idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, likita ya kira ni gefe.

Ni na je wajen 'yar tasa. Ban roƙe ta ba, gaskiya na faɗa mata. Ta zo da jaririyar da ta haifa a cikin farin tawul, ta tsaya a bakin ƙofa tana shaƙar iskar ɗakin, ni na san warin giya take nema. Sannan ta matso ta ɗora masa ita a hannu. Amma nata hannun bai bar ƙarƙashin tawul ɗin ba, yana nan a shimfiɗe, a shirye.

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan ce ta ji tsoron Allah, mutumin nan ya sha wuya kafin ya kai yau. Shi ma ya ga hannun. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya girgiza mini kai.

"Ƙyale ta," ya ce. Ya juya wajen 'yarsa. "Kada ki cire, 'yata. Bar shi a nan."